Cin Kasuwar Lahadi da Gwaggo

Tun daren Asabar ake fara cin kasuwar Lahadi a gidan Gwaggo. Da an idar da sallar isha'i sai yara su fara sallama ɗaya bayan ɗaya, kowa da kuɗi dunƙule a hannu, saƙo a baki. "Wai in ji Umma, gero kwano biyar da daddawa." "Wai in ji amarya, a duba mata randa, kada ta cika girma." Wannan shi ake kira sautu: ka damƙa wa mai zuwa kasuwa kuɗinka ya sayo maka abin da kake bukata. Matan aure da yawa a unguwarmu ba sa shiga kasuwa, mazan kuwa in an aike su, abin da ido ya fara faɗawa a kai shi suke ɗaukowa. Shi ya sa dattijuwa irin Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta aurar da 'ya'ya har ta ga jikoki, ta zama ido da hannun gidaje bakwai ko takwas.

Ko harafi ɗaya ba ta rubutawa. Akwai wani tsohon kallabi da ta keɓe don wannan aiki. Kuɗin kowane gida ƙullinsa daban a jikin kallabin, kuma ta san ƙullin wa ke wannan kusurwa, na wa ke bi masa. Nata na kanta yana cikin lalita, 'yar jakar nan da ake ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin zani, inda yatsun ɗan sane ba sa kaiwa. Sauran kayan aikin ba su da yawa: buhuna uku da aka kakkaɓe aka shanya, guntuwar igiya, wankakkiyar kwalba, ƙwarya mai murfin faifai, da wani kwanon awo da ya tsufa har fentinsa ya goge. Wannan kwanon shi ne alƙalinta, za mu zo kansa.

A bakin Bahaushe kasuwa ci take yi, kuma kowace da ranar cinta. Maigatari, can bakin iyakar Nijar, Alhamis take ci, Wudil Juma'a, Dambatta, wadda ke kan hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura, Lahadi, rana ɗaya da Mai'adua da Illela. Wasu garuruwan ma ranar ta bi su har cikin suna, kamar Talatar Mafara da Larabar Abasawa da Ladin Makole. Fatake da dillalai na bin wannan zagaye mako bayan mako, har farashin da rago ya yi a Maigatari ran Alhamis yakan riga mutum isa Dambatta. Mu ma'aikata ta Lahadi ce tamu, tunda ita ce ranar da babu ofis. Ta haka na zama ɗan rakiyar Gwaggo duk sanda na zo gida daga Kano, ina riƙe da buhu ina kallo. Da fari na ɗauka sayayya ce kawai. Sai da tafiya ta yi tafiya na gane sana'a nake kallo, mai ƙa'idoji kamar ƙira ko saƙa, sai dai ita kayan aikinta haƙori ne da hanci da kunne da tafin hannu.

Mukan isa da hantsi, masu kaya sun gama shimfiɗa amma kasuwa ba ta cika ba. Abu na farko da Gwaggo ke yi shi ne ta ƙi sayen komai. Sai ta ratsa tun daga bakin tasha har layin 'yan hatsi, ta biyo ta 'yan kayan miya, ta leƙa kara, wato fagen dabbobi, tana ta gaisawa. "Malam, ya kasuwa?" "Alhamdu lillahi, Hajiya, an shigo lafiya?" Bakinta na gaisuwa, kunnenta na wajen cinikin wasu. Inda ta ji an sallama kwanon gero, nan ta ji farashin gaskiya, domin kuɗin da mai kaya ya fara ambata fata ce kawai yake yi, wanda aka miƙa aka karɓa shi ne labari. Idonta kuma yana ƙirga wani abin daban: manyan motoci nawa ke tsaye bayan layin hatsi, amalanke da jakuna nawa suka shigo daga ƙauye. In motocin 'yan sari sun yi yawa, masu saye buhu-buhu su kai kasuwar Dawanau, to hatsi zai hau kafin azahar, sai ta yi maza. In kuwa kayan ƙauye ne suka cika wurin, masu saye 'yan kaɗan, babu gaggawa. Wanda ya ɗoro gero a kan jaki tun asuba ba ya son komawa da shi gida. Wannan zagayen yakan ci kusan sa'a guda, ni kuma a lokacin gani nake rana kawai muke sha.

A gaban mai gero tsugunawa take yi. Na saman buhu ba ya gabanta, kowa ya san na sama ado ne. Sai ta tura hannu har gwiwa ta damƙo na ciki, kuma tun hannun bai fito ba ya riga ya ba ta labari: hatsin da ya bushe sarai sanyi gare shi, yana zamewa tsakanin yatsu kamar yashi, wanda aka ɗura da sauran danshi kuwa za ka ji ɗumi-ɗumi a ciki, yana ɗan manne wa fata. Ta buɗe tafin hannu ta hura. Abin da ya tashi ƙaiƙayi ne da ƙura, kuma duk abin da ya tashi kuɗinka ne ya tashi. Ta baza saura da ɗan yatsa tana neman tsakuwa da ƙwayar da ta motse ba ta yi ciki ba. Daga nan ta ɗauki ƙwaya biyu ko uku ta kai haƙori. Busasshen gero ƙas yake yi ya rabe. Mai danshi lotsewa yake yi shiru, kuma irinsa in ya daɗe a buhu sai ya yi fumfuna, furarsa ta ƙi daɗi. A ƙarshe ta sunsuna. Sabon gero na kaka yana da ƙanshinsa, na bara yana warin rumbu, wanda ba aibi ba ne muddin an faɗa, an kuma rage kuɗi. Dawa ma haka ake bin ta, illa dai a nan sai ta tuna gidan da ya aiko: waɗannan tuwon farafara suke ci, waɗancan kaura suke so, mai ɗan launin rawaya.

Wake ne ya fi ba ta aiki, don shi ƙwaro ya fi ƙauna. Takan juya shi a hannu tana neman huji, tana kuma neman wani ɗan farin ɗigo da ke manne a bayan ƙwaya, ƙarami kamar an ɗiga da tsinin allura. Ƙwan ƙwaron ke nan. Wake mai wannan ɗigo, ko da yau ya yi kyau a ido, nan da mako uku ko huɗu za ka buɗe buhu ka tarar ana shagali. Amma waken da ya yi tsaf a tsakiyar bazara, babu huji ko ɗaya, shi ma abin tuhuma ne, kuma a nan hanci ke karɓar aiki. In ta ji warin maganin ƙwari, irin su fiya-fiya, sai ta mayar ta kakkaɓe hannu ta yi gaba. Tsoron nata yana da tushe, domin a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar irin wannan magani a jikinsa. Hancin Gwaggo ya riga Turawa yanke wannan hukunci da shekaru. Yanzu takan tambayi mai wake ko a buhun nan mai leda biyu a ciki ya adana, wanda ake ɗaurewa tam iska ba ta shiga, ƙwaro ya shaƙe ya mutu ba tare da an zuba komai ba.

Sai awo. Mudu suna ɗaya ne, amma girmansa ya bambanta daga gari zuwa gari. A wajenmu kwano ake cewa, Katsinawa da mutanen Nijar su ce tiya, babban buhu kuma yakan ci kwano 40. Sai dai shi kwano halin mai shi yake ɗauka. Akwai wanda aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, akwai wanda aka rage wa baki. A ido kwano ne, a awo ba shi ba ne. Tauye mudu tsohon ciwo ne, tunda har sura guda ta Alƙur'ani, Muɗaffifina, da masu yin sa ta buɗe. Gwaggo ba ta zargin kowa a fili. In baƙon ma'auni ne, kwanon farko da ya auna sai ta juye shi cikin nata tana hira, kamar mai neman wurin zubawa. In ya cika daidai, an wuce wurin. In ya gaza ta ce, "Ɗana, kwanon nan naka ya sha aiki, mu auna da wannan." Shi kuma ya yi dariya ya karɓa, babu wanda aka kunyata. Tana kuma lura da yadda ake cikawa: a tula hatsi har ya yi tsini ya fara gangarowa da kansa, kada a shafe masa kai. Wasu ma'aunan sukan tare gefen kwano da hannu ya ƙara ɗaukar kaɗan, kuma ko da hannu za a auna ko babu hannu, magana ce da ake gamawa tun kafin a fara. Mai awo na ƙirgawa da ƙarfi, ita tana bi a zuci, kuma duk wanda ya gaishe ta a wannan lokaci sai dai ya jira a kai ƙarshe.

Shi kansa cinikin yana da nahawunsa. Mai kaya ya faɗi kuɗi, ko ya ce, "Taya." Tayi shi ne kuɗin da mai saye ya ambata. In bai yi wa mai kaya ba sai ya ce, "Albarka," kalmar da ke mayar maka da tayinka tana yi maka fatan alheri. Ban san wata hanyar cewa a'a da ta fi wannan ladabi ba. Ka ƙara, ya rage, har a zo inda zai ce, "Na sallama," ko "Kawo kuɗi." Daga nan magana ta ƙare. Wanda ya taya aka sallama masa sannan ya zame, ya zubar da girmansa a layin gaba ɗaya. Saboda haka Gwaggo ba ta taya abin da ba ta da niyyar saye, ba ta kuma yin tayin wulaƙanci, irin wanda ke sa mai kaya ya kau da kai ya shiga hira da maƙwabcinsa. Takan fara ƙasa kaɗan da farashin da kunnenta ya tsinto a zagayen farko, ta bar wa kanta taki biyu na hawa, ta bar wa mai kaya hanyar sauka ba tare da ya ji an kayar da shi ba. Kushe kaya ba ya cikin halinta. Aibin da ta gani da yatsa take nuna shi, ta yi shiru, shirun ya ƙarasa mata. In ta tarar wani na tsakiyar ciniki sai ta ja gefe har su rabu, domin ba a ciniki a kan cinikin wani. Ladabin kasuwa ne, hukuncin addini ne kuma.

Bayan an sallama an auna, sai gyara, ɗan ƙarin da mai kaya ke ɗorawa kyauta: tafin gero, albasa biyu, ɗan barkono. Ba a yi mata naci, "A gyara mana" ya isa. Al'adar ta daɗe. Kilapaton, Baturen Birtaniya da ya shiga Kano a 1824, ya tarar masu kaya a kasuwar birni suna mayar wa mai saye kashi 2 cikin 100 na kuɗinsa da sunan albarka, ya kuma ga ana rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin tufa, don in an kai wata ƙasa aka buɗe aka ga algus a san wanda za a nema. A wancan zamani da wuri ake ciniki, wanda jam'insa ne ya bar mana kalmar kuɗi. An yi fam da sule, naira ta zo a 1973, amma har gobe in Gwaggo ta ce jaka naira 200 take nufi, baƙon da ya ƙetaro daga Nijar kuwa jakarsa sefa 1,000 ce. A farkon 2023, da takardun kuɗi suka yi ƙaranci saboda sauyin naira, kasuwannin mako sun ji jiki, masu POS kuma suka ƙaru a ƙarƙashin lemominsu. Ita dai ba ta gamsu da kuɗin da ba ya ƙulluwa a kallabi ba.

Ba a yawo da hatsi a kasuwa. Mai baro yakan kai shi rumfar wani mai goro da suka saba shekara da shekaru, a jingine a bayan huhunan goronsa har mu gama. A nan ne ma na fara jin cewa in an ce ƙwaryar goro, goro 100 ake nufi, ko da kuwa a leda aka zuba.

Kayan miya ba ta daɗewa a kansu, hannu ya riga ya haddace. Kuka koriya shar take nema, alamar a inuwa aka shanya ganyen; wadda ta koɗe rana ta riga ta sha rabonta. Daddawa sai ta gutsura ta ga ta kalwa ce, wato 'ya'yan ɗorawa, ko ta waken suya, wadda ta fi araha kuma babu laifi a kanta in dai an san ita aka saya. Albasa a wuya ake danna ta, in wuyan ya lotsa ruɓa ta fara daga ciki. Busasshen barkono a girgiza a ji 'ya'yan na kaɗawa. Man gyaɗa a ɗiga a bayan hannu a murza a sunsuna kafin a miƙa kwalba. Tumatir da ganye kuwa a bar su sai la'asar, lokacin da mai su ya fara duban rana yana tuna nisan gida.

A kara na fi ganin abin mamaki. Wata maƙwabciya ce ta ɗauki adashi tana son tunkiyar kiwo. Kara fagen maza ne, kuma ta bakin dillali ake magana, mutumin da ke tsakanin mai dabba da mai saye, ya san wanda ya kawo ta, ya tsaya shaida cewa ba ta sata ba ce, a ƙarshe a ba shi la'ada, wato ladan dillancinsa. Gwaggo na da nata dillalin, wanda ta sani tun yana yaro yana riƙe wa mahaifinsa igiya. "Inna, yau me muka samu?" Shi ke yin magana, dubawa kuwa ba ta wakilta kowa.

Ya fara nuna mata Uda, mai rabin gaba baƙi rabin baya fari, kamar an tsoma ta a rini an fasa. Ya nuna Balami, doguwa fara mai manyan kunnuwa. Ta yaba su duka ta wuce, domin matar da za ta yi kiwon a tsakar gida take, da dusa da harawa da ruwan tsari za ta ciyar, 'Yankasa ce daidai da ita, matsakaiciya mai jure wahala. Daga nesa take fara duba. Dabba mai lafiya tana tuƙa, tana kaɗa kunne, tana kallon abin da ke wucewa. Wadda ta ware gefe ta sunkuyar da kai an gama da ita tun ba a taɓa ta ba. Ta sa a ja tunkiyar ta yi 'yar tafiya, don ɗingishi ba ya ɓoyuwa. Sannan ta matsa. Ta ja fatar ido ƙasa: ja-ja ake so, in ta yi fari fat tsutsar ciki ta sha jini. Ta duba hanci ko akwai majina, ta ɗaga wutsiya ko akwai alamar zawo, ta shafa hantsa ta ji taushi ko'ina babu kumburi. Cikin dabba ba ta ɗaukarsa shaida, tunda ana iya cika shi da ruwan dusa da kanwa da safen nan. Gadon baya take damƙa da yatsu, ta ji ko ƙashi ya fito ko nama ya rufe shi, don shi ba a gina shi a yini ɗaya.

Sai baki. Ta riƙe haɓa da hannun hagu, ta ja leɓen ƙasa da babban yatsa. Tunkiya ba ta da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri. A ƙasa ne take da takwas. Tana ƙarama dukkansu ƙanana ne, na nono. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni biyun tsakiya su faɗi, manya masu faɗi su fito a gurbinsu, daga nan bibbiyu suke ta sauyawa har wajen shekara huɗu takwas ɗin su zama manya duka. In ta wuce nan sai su fara cinyewa, giɓi ya shiga tsakani. Ta farko da aka kawo, mai ita ya ce haihuwa ɗaya ta yi. Gwaggo ta buɗe bakin, ta dubi dillalin, shi ma ya leƙa, babu wanda ya ce uffan, aka mayar da ita turke. Ta uku ce ta nuna manya biyu kacal. Dillalin ya yi ta kai da kawo, ya raɗa wa wannan ya dawo ya raɗa wa wancan, har mai tunkiya ya ce ya sallama, ya kwance igiyarsa ya naɗe. Sai a lokacin na gane amfanin guntuwar igiyar da nake ɗauke da ita tun safe.

Abin da ke fashewa da abin da ke lalacewa su ne na ƙarshe. Wajen masu tukwane ta sa aka jera mata randa uku. Ta ɗaga kowace ta kara da rana, ta leƙa ciki ko haske zai ratso ta wani wuri. Ta zaunar da ita a ƙasa ta ga ko bakin ya karkace. Sannan ta lanƙwasa ɗan yatsa ta ƙwanƙwasa, a wuya, a ciki, a gindi, kunnenta a kusa. Wadda ta gasu sosai kuma ba ta da tsaga ƙararta tas take fita ta ɗan ja. Mai tsaga, ko da tsagar ta fi gashi siranta, muryarta a dushe take, haka ma wadda wuta ba ta ratsa ba. Ni duk ukun ɗaya na ji su. Ita ta ture biyu.

"Nawa wannan, 'yar nan?"

"Dubu uku, Inna."

"Dubu biyu."

"Albarka. Ki duba gashinta mana, Inna, ki ƙara dai."

Gwaggo ta nuna wani ɗan wuri a baki da ya ɗan ɓantare, ta yi shiru tana gyara mayafi. Aka tsaya a dubu biyu da ɗari biyu, aka ɗora murfi a matsayin gyara.

Nono shi ne na rufewa. Fulanin na zaune a inuwa da ƙorensu, curin man shanu na yawo a cikin nonon don kada ya narke. Gwaggo ta karɓi ludayi ta ɗebo ta tsiyaya daga sama tana kallon yadda yake sauka. Kindirmo, wanda ba a cire masa mai ba, saukowa yake da nauyi. Tsala, wanda aka kaɗe aka cire man, ya fi ruwa-ruwa. Ta ɗanɗana a ƙarshen harshe, don wanda aka tsinka da ruwa aka mayar masa da kauri da garin 'ya'yan kuka tsaminsa daban ne. Ta yi wa mai nonon 'yar Fulatancin da ta iya, suka yi dariya, ƙwaryarmu ta cika har da ƙarin ludayi.

Da muka fito tasha, samarin da muka bari da hantsi a kan benci ƙarƙashin darbejiya suna nan inda suke, inuwa ce kawai ta juya suka juya da ita. Hirar tsadar rayuwa suke yi, kuma gaskiya suke faɗa, komai ya yi tsada. Ban isa in yi musu dariya ba. Akwai Lahadin da ciwon gwiwa ya hana Gwaggo fita, na ce a ba ni sautun, ai na ga yadda ake yi. Na yi barcina har rana ta take, na shiga wata kasuwa bayan azahar, na tsaya gaban mai wake na farko da na gani, na duba na sama na ga fari tas, cikin minti 40 na gama komai na dawo ina jin kaina. Bayan mako uku aka buɗe buhun. Gwaggo ta tura hannu ta fito da shi da gari a tafi, ta dube shi, ta ce a kai wa tunkiyar maƙwabciya, ita ba ta da ƙorafi.

Ranar da aka sayo tunkiyar kuwa, da magariba muka iso gida, tunkiya a bayan a-kori-kura, randa a cinyata. Bayan salla aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yaran jiya suka dawo da kwanuka da ƙore. Gwaggo ta zauna da kwanonta tana aunawa kowane gida nasa, ta raba gyarar ma daidai da yawan abin da kowa ya saya. Randar amarya ta ce a cika ta da ruwa ta kwana a nan, da safe a ga ko raɓar da za ta yi a jiki ta yi daidai ko'ina, sannan a kai mata. Sai ta jawo kallabin ta shiga kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, zo nan. Ka ce wa Ummanka gero kwano biyar, daddawa ta kalwa ce, ga canjinta naira hamsin. Riƙe da kyau, kada ka tsaya wasa a hanya."